Idan ruwan tafki ya yi kore shar: abin da ya kamata ku sani

Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin ƙasar Sakkwato kan haura digiri 40, tafkuna da kududdufai a Horo Birni da sauran garuruwan Shagari da Bodinga sukan ja baya sosai. A irin wannan lokaci ne ruwan da ya rage kan yi kore, ya yi kauri kamar miyar kuka, har da wari. Da yawa sukan ce gansakuka ce kawai. Wani lokaci haka ne, wani lokaci kuma abin ya fi ƙarfin nan.

Mene ne shi?

Masana suna kiransa sayanobakteriya. Ƙwayoyin halitta ne ƙanana da ido ba ya ganin guda ɗaya, masu haɗa abincinsu da hasken rana yadda tsiro yake yi. Ba dukansu ne masu cutarwa ba: a gefen Tafkin Chadi matan Kanembu sun daɗe suna kwasar wani irinsu, su shanya, su sa a miya. Amma wasu suna fitar da dafi mai lalata hanta. A shekarar 1996, a garin Caruaru na Brazil, masu wankin ƙoda sama da 50 sun rasu saboda ruwan da aka yi musu aiki da shi yana ɗauke da wannan dafi. A 2020 kuma hukumomin Botswana sun ɗora masa alhakin mutuwar giwaye fiye da 300.

Me ke kawo shi?

Abu uku ne: zafi, ruwan da ba ya gudu, da abinci. Abincinsa kuwa shi ne takin zamani da ruwa ke wankowa daga fadama, kashin shanu a mashaya, kashin kaji, da ragowar abincin kifi da ya nutse ya ruɓe. Shi ya sa mai kiwon tarwaɗa da ke zuba abinci ba awo yake kiwon matsalarsa da hannunsa. Hatta masu ajiye kifin ado na ruwan gishiri cikin akwatin gilashi a ƙasashen waje suna fama da shi, sai dai nasu ja yake fitowa, kuma dalilin guda ne.

Yadda za ku gane shi

Ku tsoma sanda ku ɗago. Idan ta fito da dogayen zare masu santsi, gansakuka ce. Idan ta fito a shafe da kore ba zare, ku yi hattara. Ko ku ɗebi ruwan a kwalba ku ajiye a wuri mai sanyi ya kwana: idan koren ya kwanta a ƙasa, da sauƙi; idan kuwa ya taru a sama ya yi zobe, akwai alamar shi ne. Mai kiwon kifi ya leƙa da asuba. Waɗannan ƙwayoyi suna shanye iskar da ke cikin ruwa da dare, don haka sai a tarar da kifaye a sama suna buɗe baki. Kifin da ya girma a irin wannan ruwa ma yakan yi ɗanɗanon laka, ya faɗi a kasuwa.

Abin yi

Mai kiwon kifi ya rage abinci nan take, ko ya tsayar da shi na kwana ɗaya ko biyu. Ya kwashe abin da ke yawo a sama, ya zubar da wani kaso na ruwan ya ƙara sabo, kuma ya bari sabon ya zubo daga sama don ya shigo da iska. Inuwar zana ko ta raga a wani ɓangare tana rage masa ƙarfi. Kada a yi gaggawar zuba magani: idan ƙwayoyin suka mutu lokaci guda sai su fashe su saki dafin, ruɓewarsu kuma ta ƙarasa shanye iskar, a yi asarar kifin gaba ɗaya.

Makiyayi ya kauce wa gefen da iska ta tara koren, domin nan ne dafin ya fi yawa. Dabbar da ta sha ta fara layi, zawo ko dalalar da miyau, a nemo mata likitan dabbobi ba da ɓata lokaci ba. A hana yara wanka a ciki. Manomi kuma ya bar tazarar ciyawa tsakanin gonarsa da bakin ruwa, ya guji zuba taki ana hadari.

Abu na ƙarshe, wanda ya fi kowanne muhimmanci: tafasa ruwa yana kashe ƙwayoyin cuta da yawa, amma ba ya kashe wannan dafi, tacewa da ƙyalle ma ba ta cire shi. Idan ruwa ya yi irin wannan kore, ku nemi na rijiya ko na burtsatse, ku sanar da mai unguwa da malamin gona don a gargaɗi kowa.