Ina Jarumar Littafin Soyayya Ke Zuwa In Aure Ya Mutu?

A shekarar 2007 wata marubuciya 'yar Amurka, Robyn Carr, ta fitar da littafinta Virgin River, wanda Netflix ta mayar da shi fim mai dogon zango a 2019. Jarumar ma'aikaciyar jinya ce. Mijinta ya rasu, ta tattara ya-nata-ya-nata ta bar birnin Los Angeles, ta tare a wani ɗan gari cikin duwatsu inda kowa ya san kowa. A can hankalinta ya kwanta, har ta yi sabon masoyi. Irin wannan labari kasuwa ce mai zaman kanta a wajen Turawa: birni ya gajiyar da mace, ƙaramin gari ya share mata hawaye.

Shekara 17 kafin nan, a 1990, Balaraba Ramat Yakubu ta wallafa Wa Zai Auri Jahila? a Kano. Ita ma jarumarta aikin jinya ta ƙare da shi, sai dai gabas ta yi inda waccan ta yi yamma. Jarumar, Abu, yarinya ce 'yar shekara 13 a ƙauye. Mahaifinta ya cire ta daga boko, ɗan'uwanta da aka yi musu alkawari ya guje ta saboda rashin karatu, aka ɗaura mata aure da Sarkin Noma, wanda ya isa ya haife ta. Ta gudu birni, ta shiga makaranta, ta zama mutum. Marubuciyar ba da ka ta yi wannan ba, don ita ma an aurar da ita tana ƙarama.

Wannan bambanci ba ƙarami ba ne. Abin da Baturiya ke nema a ƙaramin gari, wato a san ta, shi ne abin da Bahaushiya ke gudu. Bazawara a ƙaramin gari ba ta da sirri: an san sadakinta, an san saki nawa aka yi mata, an san wanda ya zo biko da wanda ya ƙi zuwa. Shi ya sa sabuwar rayuwa a littattafanmu takan fara ne daga tashar mota, kuma ba sabon miji ne farkonta ba, sana'a ce ko takardar shaidar karatu.

Dubi Alhaki Kuykuyo Ne, shi ma na Balaraba, wanda Aliyu Kamal ya fassara zuwa Turanci, kamfanin Blaft na Indiya ya buga a 2012. Alhaji Abdu ya kori matarsa Rabi da 'ya'yanta tara saboda amarya. Rabi ta ɗora tukunya ta shiga sayar da abinci, ta ciyar da yaranta, ta aurar da 'yarta Saudatu ga mai hali. Da gobarar kasuwa ta cinye dukiyar Alhaji Abdu, sai mazan dangi suka taso Rabi a gaba sai ta koma. Masu neman ƙarshe mai daɗi sukan ji haushin wannan wuri. Ni kuwa a nan nake ganin ƙarfin littafin, don ya nuna cewa amanar aure a wajenmu ba ta mutum biyu ba ce. Iyaye suka ƙulla ta, kuma in ta ɓaci su ne za su zauna a zaure su yanke hukunci, sau da yawa ba tare da an tambayi wadda aka cuta ba.

Soyayya ba baƙuwa ba ce a ƙagaggen labarin Hausa. Tun Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East a 1934 ake ba da labarin mai kuɗi da ya ƙwace budurwar talaka. Hafsat Abdulwaheed ta zo da So Aljannar Duniya a 1980, Ado Ahmad Gidan Dabino ya girgiza kasuwa da In Da So Da Ƙauna a 1991, Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa ta shiga ɗakunan mata da Allura Cikin Ruwa. Masana sun yi ta kai ruwa rana a jaridu: Ibrahim Malumfashi yana suka, Abdalla Uba Adamu yana kariya. A 2007 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta ƙone wasu littattafan a bainar jama'a, amma karatu bai tsaya ba.

Wanda ya riƙe irin littafin nan ya san kamanninsa: siriri, takarda mai arha, an raba shi na ɗaya, na biyu, na uku, kowane kashi ya tsaya daidai inda ran mai karatu zai tashi. Kwafi guda sai ya zagaye gida biyar, bango ya yage a ɗinke da zare.

Inda nake da ƙorafi shi ne taswirar labaran. Kano, Kaduna, Abuja, in an ji daɗi a leƙa Dubai. A ɗauki gari kamar Azuba, a gefen Lafiya, babban birnin jihar Nasarawa da aka ciro daga Filato a 1996. Yanki ne na Eggon da Alago da Gwandara da Barebari da Fulani da Hausawa, inda Hausa ce harshen ciniki, kuma ba abin mamaki ba ne a samu Musulmi da Kirista a zuri'a ɗaya. Saurayi da budurwa za su yi zance da Hausa, iyayensu su tattauna maganar auren da wani harshe da ɗayansu ba ya ji. Matar da aurenta ya mutu a Kano ta dawo irin wannan gari, ta kama awon riɗi ko sarin doya, tana da labarin da ya fi na 'yar attajirin da ke kuka a cikin mota mai sanyi. Ga tambayar amana a fili: dangin wa za su zauna a zaure, kuma da al'adar wa za a yi hukunci?

A da akwai uzuri, don maɗaba'a da dillalai galibi suna Kano. Yanzu marubuciya kan saki shafukan farko kyauta a WhatsApp ko Wattpad, wadda ta ƙagu da ci gaba ta tura kuɗi a sa ta cikin zauren masu biya. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta buɗe wa mata a 2016 ba ta tambayi jihar da marubuciya ta fito ba. 'Yar Azuba mai waya a hannu tana da kayan aikin da 'yar Fagge ke da su.