Ƙarfin Hali Ko Tsaurin Ido?

A 1943 kotun Sarkin Musulmi ta yanke wa Sardauna Ahmadu Bello ɗauri bisa zargin cin kuɗin jangali a Gusau. Haifaffen Raba ne, ya zama hakiminta a 1934, ya nemi sarautar Sarkin Musulmi a 1938 aka naɗa ɗan'uwansa Abubakar na Uku. Al'adar lokacin ita ce basarake ya faɗi ya ce "Allah ya ba ka nasara, na tuba", ya jira afuwa. Shi kuwa sai ya ɗaukaka ƙara zuwa Babbar Kotu a Zariya, aka wanke shi.

Yau kowa cewa yake ƙarfin hali Sardauna ya yi. A idon bafaden wancan zamani kuwa tsaurin ido ne tsagwaronsa, tunda shi, jinin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda kabarinsa ke Wurno, ya kai shari'ar gida gaban Bature.

Tsaurin ido daga sama ake jefo shi. Uba ke faɗa wa ɗa, malami ga almajiri, uwar miji ga suruka. Ka taɓa jin talaka ya ce hakimi ya yi masa tsaurin ido? Sau da yawa matsayin mai magana ake aunawa, gaskiyarsa ko oho. Ƙarfin hali kuwa yana duban abin da mutum zai iya rasawa, kuma Sardauna sarautarsa da mutuncinsa ya sa a faifai.

Sai dai Bahaushe kan yi gatse da shi, ya ce ƙarfin hali, ɓarawo da sallama. Nan muke zamewa. Da 'yan bindiga suka afka wa kasuwar Goronyo a Oktoban 2021 suka kashe sama da mutum 40, sai ka ji ana jinjina "ƙarfin halin mutanen nan". Wane ƙarfin hali ga mai bindiga a kan mai tallar albasa? Zalunci ne kawai.

Mai ƙarfin hali shi ne manomin da ke sammako zuwa fadamar Wurno, bai san ko zai dawo ba. Ranar da ya miƙe a taro ya tambayi shugabanni ina tsaron da aka yi alkawari, kada a ce ya yi tsaurin ido. A ba shi amsa.