Dutsen Aso Da Karon Nahiyoyi: Me Maganaɗisu Ya Shaida?

Duk wanda ya shigo Abuja ta hanyar Kaduna ba ya rasa ganin Dutsen Zuma kusa da Madalla, in ya ƙarasa cikin gari kuma ga Dutsen Aso. Masana duwatsu sun ce irin waɗannan duwatsu narkakku ne da suka daskare can cikin ƙasa kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce, sa'ad da tsohon doron ƙasa mai ɗauke da yammacin Gana da Kwaddebuwa ya yi karo da wannan sashe namu. To, wa ya gani?

Ɗaya daga cikin shaidun da akan kira shi ne maganaɗisu. A cikin narkakken dutse akwai 'yan ƙwayoyin tama. Idan ya huce, zafinsa ya sauko ƙasa da digiri 580, sai maganaɗisun ƙwayoyin ya fuskanci inda na duniya ya nufa a lokacin, kamar allurar kamfas, ya tsaya haka. Dutsen da ya daskare a tsakiyar duniya, watau ikwaita, allurarsa a kwance take. Wanda ya daskare kusa da ƙuryar arewa ko ta kudu kuwa, tasa kusan a tsaye. Saboda haka in an auna duwatsun sassa biyu masu shekaru ɗaya, aka ga sun saɓa kafin wani zamani sa'an nan suka daidaita, an san lokacin da suka haɗu ke nan. Da wannan dabara aka bi sawun Indiya tun daga kudu, har ta yi karo da Asiya kimanin shekara miliyan 50 da suka wuce, tsaunukan Himalaya suka tashi.

Namu al'amarin bai zo da sauƙi haka ba. A 1972 Kevin Burke, wanda ya koyar a Jami'ar Ibadan, da John Dewey suka ce karo aka yi. A 1973 Piper da Briden da Lomax suka ce awon maganaɗisu ya nuna sassan Afirka ba su yi wata nisa da juna ba. Laifin ba na masanan ba ne kaɗai. Shaidan nan ba ya faɗin nisan gabas da yamma, alhali kuwa karon namu ta nan ya zo. Ga shi kuma zafin karon yakan goge tsohon maganaɗisu, ya shimfiɗa sabo.

Abin da ya rinjayar da masana zuwa ra'ayin karo shi ne ragowar duwatsun ƙarƙashin teku da aka samu a arewacin Mali, inda a yau sai hamada. Batun ya shafi aljihu ma, domin zinariyar Anka da Maru da Birnin Gwari tana bin tsagogin da wancan motsi ya bari.