Abin da ya sa ake auna gini kafin a kafa na'urorin Wi-Fi a Kontagora

Makarantu, otal-otal, asibitoci da shagunan kwamfuta a garin Kontagora na Jihar Neja na ƙara dogaro da Wi-Fi wajen ayyukansu na yau da kullum. A wurare masu tara jama'a, kamar Jami'ar Ilimi ta Tarayya da Babban Asibitin Kontagora, mutane da yawa kan nemi shiga intanet a lokaci guda.

Idan sabis ya yi rauni, abin da mai gini kan fara yi shi ne ƙaro na'urorin watsa sigina. Sai dai kamfanonin da ke ƙera su, irin su Cisco da Aruba, sun daɗe suna jan hankali cewa ƙarin na'ura ba tare da awon wuri ba na iya dagula lamarin, a kashe kuɗi kuma sabis ɗin ya ƙara lalacewa.

Dalilin yana cikin yadda aka raba zangon iska. Tun da ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta fitar da ƙa'idar 802.11 a shekarar 1997, zangon gigahaz 2.4 ne aka fi amfani da shi. Tazarar da ke tsakanin tashoshinsa megahaz 5 ce kacal, alhali kowace tasha tana cin faɗin kimanin megahaz 20. Saboda haka tashoshin da ke maƙwabtaka suna hawa kan juna, kuma uku ne aka saba zaɓa don kauce wa hakan: ta 1, ta 6 da ta 11.

Idan aka ɗora wata na'ura a tasha ta 1, ta kusa da ita kuma a tasha ta 3, siginar kowacce kan zama hayaniya ga ɗayar, sai a riƙa maimaita aika saƙon da ya lalace. Idan kuwa duka biyun suna tasha ɗaya kuma suna jin juna, dole kowacce ta jira ɗayar ta gama kafin ta yi magana. A nan ne waya kan nuna sigina a cike, amma shafi ya ƙi buɗewa.

Akwai kuma haɗuwar da ake so, wato ta iyakar da siginar kowace na'ura ke kaiwa. Cisco ya ba da shawarar cewa a zangon gigahaz 2.4, yankin na'ura ɗaya ya shiga na maƙwabciyarta da kimanin kashi 20 cikin 100, amma kowacce a tasha dabam. Hakan ne ke bai wa ma'aikaciyar jinya damar fita daga wani ɗaki zuwa wani tana kira ta intanet ba tare da ya yanke ba.

Ga wuraren da ake kiran murya, kamfanin ya gindaya alƙaluma uku. Ƙarfin sigina a bakin iyakar kowace na'ura kada ya gaza -67 a ma'aunin dBm, inda kusantar sifiri ke nufin ƙarfi. Sigina ta ɗara hayaniyar wurin da aƙalla desibel 25. Sannan duk wata na'ura da ke tasha ɗaya da ita ta kasance ƙasa da ita da desibel 19, wato kada a ji ta sama da -86 a wannan wurin.

Ba a gane waɗannan alƙaluma da ido, sai da awo. Matakin farko shi ne a saka taswirar ginin a manhaja irin Ekahau ko AirMagnet, a nuna mata kaurin bango da abin da aka gina shi da shi, ta hasko inda ya dace a kafa na'urori. Daga nan injiniya ya zagaya ginin da na'urar awo, ya ga siginonin maƙwabta da tashoshin da suke kai. Bayan an gama kafawa, a sake zagayawa don tabbatarwa.

Yanayin gine-ginen Kontagora na da tasiri a sakamakon. Bangon bulo da siminti yana rage ƙarfin sigina, rufin kwano da ƙofofin ƙarfe kuma suna mayar da ita baya. Jikin ɗan Adam ma yana shanye ta saboda ruwan da ke cikinsa, don haka awon da aka yi a zauren lacca lokacin hutu ba zai nuna halin da za a shiga ranar da ɗalibai suka cika shi ba. Na'urorin Bluetooth da wayoyin da ke raba intanet ga wasu su ma suna ƙara cunkoso a zangon.

Zangon gigahaz 5 ya fi yalwar tashoshin da ba sa hawa kan juna, har sun haura 20 a wasu ƙasashe, amma bai kai na 2.4 ratsa bango ba. A Najeriya, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ce ke tsara amfani da waɗannan zanguna.

Saboda haka, shugaban makaranta ko mai otal da zai ba da kwangilar Wi-Fi zai fi samun kariya idan ya sa rahoton awo cikin sharuɗɗan biyan kuɗi: taswirar ƙarfin sigina ɗaki-ɗaki, jerin tashar da aka ɗora kowace na'ura, da sakamakon awon ƙarshe da aka yi a lokacin da ginin ke cike da jama'a.