Idahor, Baƙon da Ya Faɗi a Filin Omdurman

Ranar Asabar, 6 ga Maris, 2010, ƙungiyar Al-Merrikh ta karɓi baƙuncin Al-Amal ta garin Atbara a filinta da ke Omdurman, a gasar Firimiyar Sudan. Ba a kai ga hutun rabin lokaci ba sai ɗan wasan gaban Merrikh, Endurance Idahor, ɗan Najeriya mai shekara 25, ya yi karo da wani ɗan wasan Amal, ya faɗi. Faɗuwa ba baƙuwa ba ce a filin ƙwallo, don haka 'yan kallo suka zuba ido su ga ya miƙe ya kakkaɓe wando kamar kullum. Bai miƙe ba. Abokan wasansa suka rufu a kansa suna ɗaga hannu suna kiran masu agaji, motar asibiti ta ɗauke shi, wasa ya watse. Kafin jama'a su gama fahimtar abin da idonsu ya gani, labari ya iso cewa rai ya yi halinsa.

Wanda bai san Omdurman ba, ba zai gane nauyin wannan rana ba. Birnin yana yammacin kogin Nilu, yana fuskantar Hartum, kuma ƙwallo ta raba shi gida biyu tun zamanin kakanni. Akwai Merrikh masu ja da rawaya, wadda asalinta ya koma 1908 kafin ta ɗauki sunanta na yanzu a 1927. Akwai kuma Al-Hilal masu shuɗi da fari, wadda aka kafa a 1930. Filayen ƙungiyoyin biyu maƙwabtan juna ne a yankin Al-Arda, tafiyar ƙafa ce tsakaninsu. A wancan lokaci jaridun wasanni na fitowa kullum safiya, kowacce da ɓangaren da take yi wa yaƙi. A bakin titi, mai shayi za ta jera kwalaben citta da kirfa da na'ana'a kusa da murhun gawayi, maza cikin fararen jallabiyoyi su zagaye ta a kan 'yan gajerun kujeru, jarida na yawo daga hannu zuwa hannu. A irin wannan majalisa ake ɗaga ɗan wasa sama, a nan kuma ake sauke shi, wani lokaci a cikin mako guda.

Ƙasar ma tana da abin tinƙaho. A Hartum aka kafa hukumar ƙwallon Afirka, CAF, a watan Fabrairun 1957, a nan kuma aka buga gasar cin kofin nahiyar ta farko. Sudan ta ɗauki kofin a gida a 1970 bayan ta doke Ghana da ci ɗaya mai ban haushi. Ita kuwa Merrikh, babbar nasararta ta zo a 1989, lokacin da ta ci kofin Afirka na ƙungiyoyin da suka lashe kofunan ƙasashensu, kuma ƙungiyar Najeriya ta doke a wasan ƙarshe, wato Bendel United ta birnin Benin. Shekaru suka yi ta wucewa magoya baya na jiran a maimaita.

Cikin wannan jira Idahor ya sauka a Omdurman a watan Fabrairun 2006. Bai zo hannu rabbana ba. A 2003 yana cikin mutum biyu da suka fi kowa zura ƙwallo a gasar Najeriya, da ƙwallo 12 a rigar Julius Berger ta Legas. Daga nan ya koma Dolphins ta Fatakwal, wadda ta kai wasan ƙarshe na Kofin Confederation a 2005, sojojin Rabat na Maroko suka hana ta. Ya kuma saka rigar Najeriya ta 'yan ƙasa da shekara 23. A Sudan ya samu shugaban ƙungiya, Jamal al-Wali, mai buɗaɗɗen hannu wajen sayen 'yan wasa, ya kuma samu 'yan kallon da ba sa karɓar uzuri. Bai daɗe ba suka raɗa masa laƙabin Dabbah, mai yanka, saboda yadda yake gamawa da masu tsaron raga.

A 2007, shekarar da Bajamushe Otto Pfister ya jagoranci horar da ƙungiyar, Merrikh ta kai wasan ƙarshe na Kofin Confederation, karo na farko da ta je irin wannan mataki a nahiyar tun 1989. Idahor na cikin ginshiƙan tafiyar. Sai dai Sfaxien ta Tunisiya ta zo har gida ta ci su 4 da 2, ta ƙara musu ɗaya a birnin Sfax. A farkon 2008 aka ba da shi aro ga Al-Nasr ta Dubai na wasu watanni. Ya dawo, kuma a wannan shekarar Merrikh ta ƙwace kofin gasar Firimiyar Sudan daga hannun Hilal, wadda ta riƙe shi shekara biyar a jere. Zuwa 2009 gaban Merrikh ya zama na 'yan Najeriya: ga Idahor, ga Kelechi Osunwa da ya tsallako daga Hilal, ga Stephen Worgu da aka sayo daga Enyimba da kuɗin da suka girgiza kasuwar 'yan wasan nahiyar. Mutanen Kano ba za su manta wannan shekara ba. Ita ce shekarar da Kano Pillars ta fitar da Al-Ahly ta Masar daga gasar Zakarun Afirka, ta faɗa rukuni ɗaya da Merrikh da Hilal da Zesco ta Zambiya. Pillars da Hilal suka wuce, Merrikh ta tsaya a nan.

Duk wanda ya bi wannan tarihi zai ga inda masu suka suke samun abin faɗa. A Najeriya, ɗan wasan da ya nufi Sudan kallon wanda ya sauka daga hanya ake yi masa: ya bi kuɗi, ya bar mafarkin Turai, ya yi nisa da idon masu zaɓen Super Eagles. A Sudan kuwa, baƙon ɗan wasa kullum yana kan sikeli. In ya ci ƙwallo, kuɗinsa sun halatta. In ya ɓarar, sai a tuna albashinsa, a tuna 'yan gida da ke zaman benci saboda shi. Ƙungiyoyinsa biyu sun je wasan ƙarshe na nahiya, duka biyun sun dawo ba kofi. Wannan ba ƙage ba ne, kuma mutuwa ba ta goge shi ba.

Abin da mutuwa ta yi shi ne ta sauya tambayar. Magoya baya suka yi dafifi a bakin asibiti, kuma abin da ke bakin mutane shi ne: karon ne ya kashe shi? Binciken gawa ya nuna cewa zuciyarsa ce ta buga, jini ya daina zagayawa nan take. Likitocin wasanni sun san wannan masifa sarai. Akan samu matashi mai ƙarfi, wanda bai taɓa kukan ciwo ba, alhali naman zuciyarsa ya yi kauri fiye da kima, ko kuma tsarin da ke daidaita bugunta yana da tangarɗa tun haihuwa. Ana cikin gudu sai bugun ya rikice, zuciya ta koma karkarwa maimakon tura jini. Wani lokaci kuma duka a ƙirji, in ya zo a wani ɗan taƙaitaccen lokaci na bugun, yakan haifar da irin wannan rikicewa ko da zuciyar lafiyarta ƙalau. Shi ya sa ban ga adalci ba a rataya ran mutum a wuyan abokin karawarsa. Karo abincin yau da gobe ne a ƙwallo, kuma wanda ya ga mutum ya faɗi a gabansa bai sake tashi ba, nauyin da yake ɗauke da shi ya ishe shi.

Aka mayar da gawarsa Najeriya. Daga nan labarin ya rabu biyu, kuma wannan rabuwa ce ta fi ci mini rai. A Omdurman sunansa bai mutu ba. Duk lokacin da watan Maris ya kama, magoya bayan Merrikh kan fito da hotunansa, su tuna ƙwallayensa. A ƙasar da ta haife shi kuwa, ka tambayi matashin da zai iya lissafo maka 'yan wasan Arsenal ko Barcelona tun daga mai tsaron raga har benci, da wuya ya taɓa jin sunan Idahor.

To, da wane mudu ake auna ɗan wasa bayan ya bar duniya? Addini da al'ada sun hore mu da kame baki daga zagin mamaci, kuma wannan tarbiyya ce mai kyau. Amma kame baki daban, ƙirƙirar waliyyi daban. Da Diego Maradona ya rasu ranar 25 ga Nuwamba, 2020, duniya ta rabu. Wasu suka tsaya a kan ƙwallon da ya ci Ingila da hannu a 1986, da dakatarwar wata 15 da aka yi masa a 1991 saboda hodar iblis, da korarsa daga gasar cin kofin duniya ta 1994. Mutanen Napoli kuwa, waɗanda ya ba su kofin gasar lig ta Italiya a 1987 da 1990, abin da birninsu bai taɓa gani ba kafin zuwansa, cikin makonni suka sanya wa filinsu sunansa. Babu ɓangaren da ya yi ƙarya. Kuskuren shi ne kowa ya ɗauki rabin mutum ya ce shi ne dukkansa.

Namu laifin ya ma fi wannan muni, domin mu ba ma tsayawa yin gardamar. Rashidi Yekini, haifaffen Kaduna, gwarzon ɗan wasan Afirka na 1993, wanda ya ci wa Najeriya ƙwallonta ta farko a gasar cin kofin duniya, ya kuma bar tarihin ƙwallo 37 a rigar ƙasa, ya ƙare rayuwarsa cikin kaɗaici a Ibadan a watan Mayun 2012. Sai da ya mutu yabo ya ɓarke. In haka ta faru da Yekini, ina ga wanda ya yi tashensa a Omdurman, inda kyamarorin Turai ba sa zuwa?

Hukuncin da nake ganin ya dace da Idahor ba mai wuya ba ne. Bai zama tauraron duniya ba, bai ɗaga kofin nahiya ba, kuma babu buƙatar a ƙara masa abin da bai yi ba. Amma ya ci ƙwallaye a gida da waje, ya je birnin da ba ya jin harshensa ya sa dubban mutane suka ɗauke shi nasu, ya taimaka wajen kai ƙungiyar da ta shekara 18 tana jira zuwa wasan ƙarshe, ya kuma mutu a bakin aikinsa. Shaidar waɗanda suka biya kuɗin ƙofa suka gan shi da idonsu ta fi ta wanda bai taɓa kallonsa ba. Gani ya kori ji. Mu Hausawa ma ya kamata mu fi kowa gane wannan, domin hanyar Sudan tsohuwar hanyarmu ce. Alhazai sun bi ta a ƙasa, mabiyan Sarkin Musulmi Attahiru sun bi ta bayan yaƙin Burmi na 1903 har suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Mun san mutum kan bar gida ya gina suna a gabas, kuma sunan bai rage daraja don ba a Turai aka gina shi ba.

Sauran hukuncin kuma a kanmu yake, mu masu rai. Idahor ba shi ne na farko ba. Samuel Okwaraji ya faɗi a filin wasa na ƙasa da ke Legas ranar 12 ga Agusta, 1989, ana karawa da Angola. Marc-Vivien Foé na Kamaru ya faɗi a Lyon ranar 26 ga Yuni, 2003. Bayan Idahor da shekara goma, ranar 8 ga Maris, 2020, Chineme Martins na Nasarawa United ya faɗi a Lafiya ana wasa da Katsina United, shi ma bai tashi ba. Alhali Fabrice Muamba, wanda zuciyarsa ta tsaya a Landan a 2012, yana nan da ransa. Christian Eriksen ya faɗi a Kopenhagen a 2021, har ya dawo ya ci gaba da buga ƙwallo. Ajali na hannun Allah, amma sababi a fili yake: an fara danna musu ƙirji nan take, kuma na'urar farfaɗo da bugun zuciya tana gefen fili. A irin wannan hali kowane minti da ya wuce ba agaji yana zaftare kusan kashi ɗaya cikin goma na damar rayuwa. Tun 2013 FIFA ta raba wa hukumomin ƙasashe jakar agajin gaggawa mai ɗauke da wannan na'ura, wanda ke nuna cewa abin ba na masu kuɗi kaɗai ba ne.

Yau Omdurman tana da makokin da ya fi na ƙwallo. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023 ya tarwatsa miliyoyin mutane, ya lalata filayen wasa, har Merrikh da Hilal suka yi gudun hijira suka buga kakar 2024 zuwa 2025 a gasar Muritaniya. Mutanen da ke cikin wannan hali ba za a ɗora musu nauyin adana tarihin ɗanmu su kaɗai ba. Mu ya rage wa mu rubuta sunayen 'yan wasanmu da suka yi fice a gida da sauran ƙasashen Afirka, da alherinsu da gazawarsu, tun suna raye. Kuma duk alƙalin wasan da zai hura usur a Kano ko Katsina ko Maraɗi, ya fara tabbatar da cewa an gwada zuciyar yaran nan kafin kaka, motar asibiti tana tashi, na'urar tana da caji, kuma akwai wanda ya iya aiki da ita. In ɗaya daga ciki ya gaza, a ɗage wasan. Maki uku ba su kai ran ɗan kowa ba.