Zaɓen Tanti a Ƙasar Rana da Iska

Shirin musamman na wannan mako ya duba batun zaɓen tanti, wato ɗakin da ake kafawa da zane ko fata ko tabarma a kan sanduna, a kwana a ciki, a naɗe shi idan an tashi tafiya. Masu buƙatarsa sun haɗa da matafiya da 'yan sikawut da masu bincike a daji, da kuma baƙin da ke zuwa Ingal a jihar Agadas, inda makiyaya ke taruwa a watan Satumba domin dabbobinsu su lashi gishiri. Yawancin tantunan da ke kasuwa an ɗinka su ne domin ƙasashen da sanyi da yayyafi suka fi damu, alhali abin da ke gwada tanti a yankin Sahel shi ne zafin rana da ƙurar hunturu da iskar da ke zuwa gabanin ruwa, kuma wanda bai yi la'akari da waɗannan ba yakan sayi abin da ba zai iya zama a cikinsa ba da hantsi.

Abzinawa sun daɗe da warware wannan matsala, kuma tsarin tantinsu ya cancanci nazari. Wasunsu suna harhaɗa fatun awaki da tumaki da aka jeme, a ɗinke su wuri guda, a shafe su da mai da jar ƙasa domin kada ruwa ya ratsa, yayin da wasu a ƙasar Azbin suke rufa tabarmin kaba a kan sanduna masu lanƙwasa. Tantin fata gajere ne, bai ba iska wurin kamawa ba, kuma ba a haɗe rufinsa da ƙasa: ana kewaye gefensa da asabari, wanda ake janyewa da rana domin iska ta ratsa, a mayar da shi da dare idan sanyi ya sauko. A al'adarsu tanti mallakar mace ne, da shi take tarewa, ita ce kuma ke kafa shi da kwance shi, don haka ba a yarda da nauyin da raƙumi ko jaki ba zai ɗauka ba.

Abin da ya kamata mai sayen tantin zamani ya fara dubawa shi ne hanyar da iska za ta bi ta shiga ta fita. Tantin nailan mai shafi ɗaya yana da arha da rashin nauyi, amma da rana ta ɗaga sai ya koma tanderu, da dare kuma numfashin masu barci ya taru a jikin zanen ya riƙa ɗiga a kansu. Wanda ya fi dacewa shi ne mai shafi biyu, na ciki na raga mai ƙananan idanu da ke tare sauro, na waje kuma rufi ne da za a iya ɗagewa ko cirewa gaba ɗaya a daren bazara. Zanen auduga mai kauri ya fi nailan sanyi da jure rana, sai dai yana da nauyi, kuma idan aka naɗe shi da danshi yakan yi fumfuna, saboda haka ya fi dacewa da mai mota da zai daɗe a zango ɗaya. Adadin mutanen da ake rubutawa a jikin jakar tanti kuwa bai lissafa da kaya ba, don haka mutum biyu su nemi na mutum uku.

Game da damina, masu ƙera tanti sukan rubuta wata lamba da milimita, wadda ke nuna tsayin ruwan da za a tara a kan zanen kafin ya fara tsattsafowa. Milimita 1,500, wato mita ɗaya da rabi, shi ne mafi ƙarancin abin da ake nema a rufi, shimfiɗar ƙasa kuma tana buƙatar fiye da haka, domin gwiwar mutum tana danna zane a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Sai dai ruwa ya fi shiga ta wurin ɗinki, shi ya sa mai saye zai juya zanen ya ga ko an liƙe ramukan allura. Shimfiɗar ta kasance a ɗinke da bango, zif ɗin kuma ya rufe ruf, saboda kunama da maciji.

Iska ita ce ta fi karya tanti. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take kaɗawa, hadarin damina ma galibi daga gabas yake tasowa, don haka ake juya ƙofa yamma. Tanti gajere mai siffar ƙoƙo, wanda sandunansa suka gitta juna, ya fi dogo mai miƙaƙƙen bango tsayuwa. Siraran turakun da ake haɗowa da shi ba sa riƙe rairayi; a irin wannan wuri ana ɗaura igiya a buhun yashi ko guntun itace a binne shi a gicciye. Kuma komai laushin yashin busasshiyar korama, ba a kafa tanti a cikinta, domin ruwan da aka yi a nesa yana iya isowa cikin dare ba tare da an ga ko ɗigo a wurin ba.

Akwai kuma batun wuta. Gobarar da ta tashi a Mina a aikin hajjin 1997 ta hallaka alhazai sama da 300, kuma bayanta ne hukumomin Saudiyya suka maye gurbin tantunan auduga da na zaren gilashi da aka shafe da Teflon, waɗanda ba sa saurin kamawa. Tantin nailan na matafiyi ba shi da wannan kariya: narkewa yake yi ya manne a fata. Haka nan gawayin da aka shigar domin jin ɗumi a daren hunturu yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da launi ko wari, tana kuma kashe mai barci a rufaffen wuri, don haka murhu da kaskon shayi suna zama a waje, nesa da zane, a ɓangaren da iska ke kwashe tartsatsi daga tantin.