Kwana Uku a Kolon, Birnin da Ba Ya Gajiya da Gyara

Duk wanda ya tashi yana sauraron Muryar Jamus kafin shekarar 2003 ya san sunan Kolon, domin daga can ne sashen Hausa yake watso shirye-shiryensa kafin gidan rediyon ya koma Bon. Sai dai ba kowa ya san cewa wannan birni na bakin kogin Rayin ya doshi shekara 2,000 ba. A shekara ta 50 miladiyya Rumawa suka ba shi matsayin birni, kuma daga kalmarsu ta Latin, colonia, sunansa ya samo asali. Na yi kwana uku a cikinsa bayan wani taron masana harsuna, na kuwa ga abin da ya cancanci in kawo wa mai karatu tsarabarsa.

Da zarar baƙo ya fito daga babbar tashar jirgin ƙasa, abin da zai fara cin karo da shi shi ne babbar majami'ar da suke kira Dom, mai hasumiya biyu, kowace tsawonta mita 157. An aza harsashinta a 1248, aiki ya tsaya na ɗaruruwan shekaru, aka koma masa a 1842, aka kammala a 1880. Mai ƙarfin gwiwa yana iya taka matakala 533 ya hango kogin da jiragen ruwan da ke safara a kansa, da gadar Hohenzollern wadda masoya suka cika da kwaɗuna.

Tsayin ginin bai ba ni mamaki kamar yadda ake rainonsa ba. Akwai ma'aikata ta dindindin, mai masassaƙa dutse da maƙera da masu gyaran gilashi, waɗanda ba su da wani aiki sai duba inda ruwa da hayaƙi suka ci su sabunta shi. Fiye da rabin kuɗin wannan hidima kuwa yana fitowa ne ta hannun wata ƙungiya da mutanen gari suka kafa tun 1842. Shi ya sa 'yan Kolon ke barkwanci da cewa ranar da aka gama gyaran Dom, ranar duniya za ta tashi. Hasali ma, lokacin da aka shirya gina dogayen benaye a tsallaken kogi, UNESCO ta sa majami'ar cikin jerin wuraren da ke cikin haɗari a 2004, ba ta cire ta ba sai a 2006, bayan an sauya tsarin.

A gefen Dom akwai gidan zane-zane na Ludwig, wanda ke cikin manyan taskokin ayyukan Picasso a Turai. Amma wurin da ya fi shafar ɗan Nijeriya shi ne gidan tarihin Rautenstrauch-Joest, inda aka daɗe ana ajiye kayan tagullar Benin da sojojin Ingila suka wawashe a 1897. A 2022 birnin ya miƙa wa Nijeriya mallakar guda 92 daga cikinsu. Na daɗe a tsaye a wurin ina tambayar kaina: idan kayanmu suka dawo gida, wane irin tanadi muka yi musu?

Batun abinci yana bukatar hattara. Girkin gargajiyar garin ya dogara ne a kan naman alade, akwai ma wani mai suna Himmel un Ääd, wato sama da ƙasa, wanda ake haɗa tuffa da dankali da tsiran jini. A matsayina na ɗalibin harshe, wanda ya fi ba ni dariya shi ne Halve Hahn, ma'ana rabin zakara, alhali burodi ne da cuku, ko gashin tsuntsu babu. Kalmar Kölsch ita ma harshen damo gare ta, sunan karin harshen garin ne, sunan giyarsu ne kuma. Musulmi ya nufi titin Keup a unguwar Mülheim, inda Turkawa ke gasa naman rago a kan gawayi, ko kuma Ehrenfeld, inda babban masallacin da aka buɗe a 2018 yake. Mai neman tsaraba kuma ga turaren gidan Farina, wanda aka kafa a 1709.

To, ina darasin? Kolon ta taɓa zama a cikin ganuwa. A 1881 hukumomi suka fara rushe ta domin a faɗaɗa gari, yau abin da ya rage sai ɗan guntu da manyan ƙofofi uku, waɗanda ake lallaɓawa kamar ƙwai. Yaƙin Duniya na Biyu ya zo ya mayar da tsakiyar birnin kufai, suka sake ɗaga shi, amma ganuwa ta tafi ke nan.

Mu kuwa tamu tana nan, ko da yake tana ƙarewa. Ganuwar Kano, wadda tarihi ya ce Sarki Gijimasu ne ya fara ta kusan shekara 900 da suka wuce, tana cikin jerin wuraren da Nijeriya ta gabatar wa UNESCO tun 2007, amma damina da masu ɗibar ƙasa da masu neman fili ba su daina cin ta ba. Magina na gargajiya ba su ƙare ba, attajirai ma haka. Abin da muka rasa shi ne tsarin da zai ɗauki maginan nan aiki na dindindin, da ƙungiyar 'yan gari da za ta riƙa tara kuɗin yaɓe kowace shekara ba tare da jiran gwamnati ba. Hausawa sun ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Allah Ya sa mu farga tun da sauran abin gyarawa.